Abin da Yaƙi da Badaƙala Suka Bari a Gidajen Haɗejiya

Mutanen da zan yi magana a kansu duk sun haura sittin, wasunsu sun doshi tamanin. Su ne dattawan da za ka tarar a ƙofar gida bayan la'asar a Dubantu ko Majema ko Matsaro, su ake nema in za a ɗaura aure, su ake tasowa in rabon gado ya cije. An haife su a ƙarshen zamanin Turawa ko farkon mulkin kai. Da kunnensu suka ji sanarwar kisan Sardauna, a idonsu aka ɗebi samari zuwa yaƙin Ojukwu, kuma yawancinsu a 1979 suka fara jefa ƙuri'a. Abin da suka ɗauka game da gwamnati da soja da sarauta ba a aji suka koye shi ba. Shekarun nan goma sha takwas, daga Janairun 1966 zuwa daren ƙarshe na 1983, su suka dasa musu shi, kuma a cikinsu ne gidaje da dama na ƙasar Haɗejiya suka dare biyu.

Fahimtata ita ce yaƙi ya sa wannan tsara ta yarda da mai kaki, badaƙalar kuɗi ta sa ta tsani ɗan siyasa, sai biyun suka haɗu suka haifi ɗabi'a guda: a nemo mutum ɗaya mai tsabtar hannu, a danƙa masa komai, a koma gida a jira. A kan wane ne wannan mutumin wa da ƙani suka daina gaisawa. Shi kuwa kogin da kowa yake ci daga gare shi, a cikin waɗannan shekarun aka sauya masa hali, ba tare da an zauna da masu zama a bakinsa ba.

Rabuwar gida saboda mulki ba baƙuwa ba ce a Haɗejiya. Sarki Buhari ɗan Sambo ya hau a 1848, Sakkwato ta tuɓe shi ta naɗa ɗan'uwansa Ahmadu, ya dawo da ƙarfin takobi, Ahmadu ya rasa ransa, shi kuma ya ci gaba da mulki ba ya bin umarnin Sarkin Musulmi har ya faɗi a Gogaram a 1863. Har yau in zancensa ya taso a majalisa za ka ji wani ya ce jarumi ne, wani ya ce ya zubar da jinin da bai kamata ba. Sannan ga Afrilun 1906, lokacin da Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya, Turawa suka buɗe wa garin wuta, ya yi shahada tare da manyan fadawansa da ɗimbin jama'a. Yaron garin nan yana tashi da girmama wanda ya tsaya bai ja da baya ba. Tarbiyya ce mai kyau, sai dai tana sa mutum ya fi duban zuciyar shugaba a kan lissafin aikinsa.

Iyayen wannan tsara su suka yi NPC da NEPU, masu Salama da masu Sawaba. A ƙasar fadama kuwa jam'iyya ba abin wasa ba ce. Gonar rani da tafkin su a hannun bulama da dagaci da sarkin ruwa suke, su kuma a hannun hakimi. Wanda ya ɗauki katin NEPU ya san ba ɗan doka da kotun alƙali kaɗai zai fuskanta ba, har da yiwuwar a ce masa fadamar da ubansa ya noma an ba wani. Shi ya sa a gida ɗaya za ka sami ɗa yana bin fada, ɗa yana bin Malam Aminu, uban yana tsakiya yana ba kowa haƙuri.

Sai ga 15 ga Janairu, 1966. An kashe Sardauna a Kaduna, an kashe Tafawa Ɓalewa, an kashe manyan hafsoshin Arewa, cikinsu har da Birgediya Zakariya Maimalari, wanda mahaifarsa tana can maƙwabtanmu, a ƙasar da yau take cikin Yobe. Nan take gabar Salama da Sawaba ta yi sanyi, don mutane sun ga abin da ya fi ta girma. Malam Aminu Kano da kansa ya shiga gwamnatin Gowon a 1967 a matsayin kwamishinan sadarwa. Layin dogon Kano zuwa Nguru, wanda ya ratsa Malam Madori tun wajen 1930, shi ya kawo mana 'yan ƙabilar Ibo, masu shaguna da akawun gyaɗa da ma'aikatan jirgi, kuma shi ya kwashe su bayan rikicin Araba da kashe-kashen ƙarshen daminar 1966. Tsofaffi suna tuna shagunan da aka wayi gari a kulle.

Kafin yaƙi sojan Najeriya bai wuce mutum 10,000 da 'yan kai ba. Da aka ajiye makamai a Janairun 1970 ya doshi 250,000. Daga garuruwa irin namu aka cike wannan giɓi: ɗan masunci daga Guri, ɗan manomi daga Kaugama, almajirin da ya gaji da bara, aka ba su horon 'yan makonni aka tura su daji da ruwan saman da ba su taɓa ganin irinsa ba. Wasu sun dawo da takalmin soja da rediyo da kuɗin sayen keke. Wasu sun dawo da ƙafa ɗaya. Wasu sun dawo da shaye-shaye da firgita cikin dare, aka yi ta yi musu rubutu ana cewa iska ce. Akwai matan da suka yi takaba ba su ga gawa ba, bisa shaidar abokin miji da ya ce a gabansa aka harbe shi.

Abin da ba mu yi ba shi ne zama mu tattauna yaƙin. Gowon ya ce babu wanda ya ci, babu wanda aka ci, kowa ya ja bakinsa. Fiye da mutum miliyan ɗaya sun mutu, mafi yawansu yara da yunwa ta kashe a Gabas, ga kuma dubban da aka kashe a garuruwan Arewa tun kafin a fara harbi. Ban taɓa jin an yi wa wannan ɓangare adalci a hirar zaure ba, kuma ina ganin shirun ya cutar da mu. Wanda bai ƙirga abin da bindiga ta ɓarnatar ba, abin da ta tsare kaɗai zai riƙa tunawa. Darasin da samarin lokacin suka fita da shi gajere ne: 'yan siyasa sun kusa wargaza ƙasa, soja ya riƙe ta.

A nan ne abin yake da ɗaure kai, domin babbar badaƙalar farko da wannan tsara ta ji da wayonta ta sojoji ce. A 1975 aka yi odar siminti kimanin tan miliyan 20, mafi yawansa da sunan ma'aikatar tsaro, jiragen ruwa ɗaruruwa suka yi cirko-cirko a gaɓar Legas ana biyan su kuɗin jira, simintin yana daskarewa a cikinsu. Da Murtala ya hau a Yulin wannan shekara ya sa aka binciki gwamnonin Gowon goma sha biyu, biyu kaɗai suka fita ba tabo. Ka ce wannan zai sa mutane su yi tsaki da kaki gaba ɗaya. Ina! Murtala ɗan Kano ne, mu kuma a lokacin Kanawa ne a takarda, jarumin yaƙi ne, ga zafin nama. Ya sallami ma'aikata fiye da 10,000, da masu laifi da waɗanda aka yi wa ƙazafi, jama'a suna tafi. Bai cika wata bakwai ba aka kashe shi ranar 13 ga Fabrairu, 1976, kafin a kai ga ganin kurakuransa. Sai darasin ya zama cewa in soja ya ɓata, wani sojan ne mai gyarawa. Hoton Murtala ya shiga zaurukan Haɗejiya, kuma tun daga ranar ake neman wani Murtalan.

Na san wani gida a cikin gari da labarinsa ya isa misali. 'Yan'uwa biyu ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Babban ya je yaƙi ya dawo da tabon harsashi a cinya, ya kama sana'ar kifi. Ƙaramin ya yi makarantar horon malamai, ya zama malamin firamare, ya shiga PRP da zuciya ɗaya. A zaɓen 1979 ba su saɓa ba, duk mabuɗi suka dangwala wa, domin babban ma yana ganin girman Malam Aminu. Da gwamnan Kano Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali tare suka yi murna, don dukansu sun ga yadda ake shanya dattijo a rana a ƙofar dagaci saboda kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Ajin yaƙi da jahilci da aka buɗe a unguwarsu, ƙaramin ne yake koyarwa, babban yana cikin ɗalibai.

Tsagewar PRP a 1980 ita ta shiga tsakaninsu. Ƙaramin ya bi Santsi, ɓangaren Rimi da Balarabe Musa. Babban ya tsaya a Taɓo, yana cewa yaron da ya ɗaga wa Malam murya ba shi da albarka. Da Rimi ya ƙirƙiro sababbin masarautu a 1981, ya ɗaga Auyo daga ƙarƙashin Haɗejiya, sai abin ya tashi daga siyasar Kano ya zama na cikin gida. Wa yana ganin an ci mutuncin gidan Sambo, ƙani yana ganin an mayar wa Auyo tsohon haƙƙinta. A Yulin wannan shekara aka yi tarzoma a Kano aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. A gidan nan kuwa aka raba tukunya. Matansu, waɗanda su ma ba a daɗe da ba matan Arewa damar zaɓe ba, kowacce ta bi mijinta, aka daina aiken yara karɓar gishiri. Aka kafa darni a tsakar gida, bayan damina biyu aka mayar da shi katangar ƙasa. Irin wannan ba gida ɗaya ba ne. An sha jin auren da ya mutu, da baikon da aka fasa, saboda Santsi da Taɓo, ga kuma saɓanin Izala da ɗariƙa da ya kunno kai tun 1978 yana ƙara wa wutar itace.

Ana cikin haka labarin sata yana ta kwararowa daga Legas ta BBC da rediyon Kaduna. Naira biliyan 2.8 na mai da aka ce sun ɓace, kwamitin Mai Shari'a Irikefe ya ce bai ga ɓatan ba, mutane ba su yarda ba. Lasisin shigo da shinkafa, da sunan Umaru Dikko a bakin kowa, a daidai lokacin da manomin fadamar Haɗejiya yake ganin shinkafar waje tana karya masa farashi. Gine-ginen gwamnati suna kamawa da wuta duk sanda aka ce za a binciki asusu. A Bakolori kuwa, a Afrilun 1980, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wa manoman da ke neman diyyar gonakinsu wuta, kuma wannan labari ne da ya kamata ya tayar wa duk mai zama a bakin kogi hankali fiye da yadda ya yi. Malam Aminu ya rasu a Afrilun 1983, Rimi ya koma NPP ya faɗi zaɓe, Sabo Bakin Zuwo ya hau ya rushe sababbin masarautun.

Safiyar da aka ji muryar soja a rediyo, ƙarshen Disamban 1983, babban wan nan ya fito da tsohuwar hularsa ta soja ya zauna a ƙofar gida yana amsa barka. Ƙaramin ya zo wucewa ya ce, “Yaya, murna kake an ƙwace abin da muka zaɓa?” Ya ce, “Malam, abin da kuka zaɓa ya cinye ƙasa. Bari masu ita su karɓa.” Mahaifiyarsu tana raye a lokacin, ta aiko aka kira su, ta ce in ba su bar maganar ba ba ta yafe nononta ba. Suka bari a gabanta. Katangar ba ta faɗi ba.

Yawancin gari ra'ayin wan suke bi, kuma akwai dalili na kusa: Janar Buhari ya naɗa ɗan Haɗejiya, hafsan sojan sama Hamza Abdullahi, gwamnan jihar Kano. Kotunan soja suka ɗaure Rimi da Sabo duka biyun, wanda hakan ya sa Santsi da Taɓo suka rasa abin yi wa juna gori. Amma mu tuna da sauran. Canjin kuɗi na Afrilun 1984 ya bar mutanen ƙauye da takardun da ba su da amfani, don banki ya yi musu nisa kuma wa'adin gajere ne. An rufe iyaka a shekarar da fari ya ƙone amfanin gona, cinikin da ke tsakaninmu da Nijar ya tsaya. Ga akwatuna 53 da suka wuce ta filin jirgin Legas a lokacin da ake binciken kowa. Duk an ji, an kuma yafe, saboda an riga an yanke cewa mutumin ba ya sata. Labarin Umaru Dikko a cikin akwati a filin jirgin Ingila ya fi daɗin ba da labari.

Ranar 27 ga Agusta, 1991, Babangida ya ƙirƙiro Jigawa ya ce Dutse ce hedikwata. Haɗejiya, mai masarautar da ta ƙunshi ƙananan hukumomi takwas a yau, ta ɗauka ita za a ba. Ɓacin ran ya haɗa kan gidajen da siyasa ta raba, har 'yan'uwan nan biyu suka sami abin da suka yarda a kai. Sai dai kaɗan ne suka tsaya suka lura cewa wannan ita ce ribar mulkin doka-ta-ce: alƙalamin da ya ba ka gwamna ɗan garinku a 1984 shi ne ya hana ka hedikwata a 1991, kuma a duka biyun ba wanda ya tambaye ka, ba kuma inda za ka ɗaukaka ƙara.

Haka aka yi da kogi. Kafin madatsun ruwa, Kogin Haɗejiya yakan cika a Agusta da Satumba ya malala ya rufe fadama, sannan ya janye ya bar laka. Manomi ya shuka shinkafa da hawan ruwa, ya bi danshi da wake da alkama da kayan lambu bayan janyewarsa, masunci ya kama kifi a tafkuna, Bafulatani ya sauko da shanu da rani. Fili ɗaya, abinci kashi uku, kowa da lokacinsa. Gwamnatin Audu Baƙo ta gina Tiga aka gama a 1974, a tsakiyar babban fari, aka ƙara da Challawa a 1992. Ba na musun amfaninsu: birnin Kano yana sha, Kadawa da Kura suna noma, mu ma aikin noman rani na kwarin Haɗejiya da ke Auyo yana ciyar da dubban gidaje. Amma madatsa tana rage ambaliyar damina, tana kuma sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara. Masana sun ƙiyasta cewa filin da ruwa ke rufewa ya sauko daga hekta 250,000 zuwa 300,000 a da, ya koma ƙasa da 100,000 a shekarun baya. Binciken su Edward Barbier a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa ruwan da aka bari ya malala a fadamar Haɗejiya da Nguru ya fi kawo amfani, nesa ba kusa ba, a kan irinsa da aka tare don noman rani a sama.

Tunda hanyoyin ruwa ba sa bushewa kuma, sai ciyawar kacala ta samu wurin zama. Ta cike rafuka, ta tara yashi, ta toshe hanya. Ruwan da ya rasa mafita ya karkata ta Marma ya kwanta a gonakin mutane shekara da shekaru, wasu rassan kamar Burum Gana suka koma ƙishirwa. Tsuntsun jan-baki ya sami gidan kwana a cikin kacalar, yana fitowa da safe ya share gonar shinkafa. Ka je Kirikasamma ko Guri ka ga mutum tsaye cikin ruwa har ƙirji da lauje, tsutsa da matsattsaku suna cizonsa, yana yankan ciyawar da za ta dawo kafin wata uku. Ka ga yara a kan rumfar kara tun asuba suna kaɗa gwangwani suna korar tsuntsu, makaranta kuwa sai wata rana. Da wurin kiwo ya ƙuntata, rikicin manoma da makiyaya ya zama na kowace kaka. Wannan asara ta fi kowace badaƙalar Legas taɓa tukunyar Bahaɗeje, amma da yake ba ta da fuskar ɓarawo guda da za a nuna, ba ta taɓa zama abin da ake cin zaɓe ko faɗuwa a kansa ba.

Da farar hula suka dawo a 1999, tsohon ra'ayi ya sami sabuwar hujja. Hukumar EFCC ta gurfanar da tsohon gwamnan Jigawa Saminu Turaki a 2007 kan zargin naira biliyan 36, ta gurfanar da magajinsa Sule Lamido da 'ya'yansa biyu a 2015 kan naira biliyan 1.35. Dukansu sun musanta, aka shafe shekaru ana kai-kawo a kotuna, talaka bai ji an ce ga gaskiyar magana ba. Dattawanmu suka koma ga wanda suka sani, Janar Buhari. Tun 2003 suke cewa a kasa, a tsare, a raka. A 2011 Jigawa ta ba Buhari ƙuri'ar shugaban ƙasa, ta ba Lamido ta gwamna, gidaje suka sake rabuwa tsakanin mai cin albashin jiha da mai bin guguwa. Wanda ya ce uffan a kan Mai Gaskiya a majalisa, sai a tambaye shi nawa aka ba shi.

Sannan yaƙi ya dawo, wannan karon a ƙofar gida. Buni Yadi, Potiskum, Dapchi, duk sunayen garuruwan da direbobinmu da 'yan kifinmu suke zuwa ne. 'Yan gudun hijira daga Borno da Yobe suka shigo, aka ba su ɗakuna da gonaki aro. Shingayen bincike suka mayar da tafiyar awa biyu ta yini. Jikokin mazan jiya suka shiga soja, kuma su ne suka riƙa bugo waya suna cewa harsashi ƙirgagge ake ba su. A Disamban 2014 kotun soja ta yanke wa sojoji 54 hukuncin kisa saboda sun ƙi fita fagen daga, su kuma suna cewa ba a ba su makamai ba. Bayan shekara guda aka kama Sambo Dasuki, tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kan zargin karkatar da dala biliyan 2.1 na sayen makamai. A wurin tsohon sojan da ya yi Biyafara wannan ba ƙaramin ciwo ba ne, amma ya fassara shi yadda ya saba: ga dalilin da ya sa dole Janar ya hau.

A lokacin kamun kuwa Janar ya riga ya hau. A Disamban 2016 kwamitin majalisar dattawa ƙarƙashin Shehu Sani ya bankaɗo kwangilar ɗaruruwan miliyoyi ta cire ciyawa a hanyoyin ruwa na Yobe, daga kuɗin da aka ware don waɗanda yaƙi ya ɗaiɗaita, aka danganta ta da sakataren gwamnatin tarayya Babachir Lawal. An sauke shi a 2017, kotu ta sallame shi a 2022. Jaridun Kudu suka mai da abin barkwanci, wai yankan ciyawa. A nan ba abin dariya ba ne, domin ciyawar da ake magana ita ce kacalar da ta cinye mana gonaki, a kogin da yake gangarawa daga wurinmu. Yaƙi da badaƙala da kogi sun haɗu a takarda ɗaya, a gwamnatin mutumin da aka jira shekara talatin.

Daga nan ne sabuwar ɓaraka ta buɗe, ba tsakanin wa da ƙani ba, tsakanin uba da ɗa. Uba yana cewa na kewaye da shi ne suka ci amanarsa. Ɗa, da wayarsa a hannu, yana cewa, “Baba, ku kuka ce mana in ya hau an gama.” Yaron da ya gama digiri yana tuƙa babur, ya ga canjin kuɗi na 2023 ya maimaita wahalar da kakarsa ta ba shi labari, ya ga cire tallafin mai ya ninka kuɗin ban-ruwan gonar tattasai, ba ya jin kalmar mai gaskiya da daɗi. A Agustan 2024 irin waɗannan samari suka fito zanga-zanga har aka sa dokar hana fita a Jigawa, iyaye da malamai suna roƙon su koma gida, su kuma suna ganin masu roƙon ne suka kai su inda suke.

Ina tausaya wa ɓangarorin biyu, amma na fi jin tsoron halin da 'ya'yan suke ciki. Iyayen sun yi imani da wani abu, har suka sadaukar da zumunci dominsa. 'Ya'yan sun zubar da imanin, ba su ɗauki komai a madadinsa ba. Wanda ya yanke cewa duk ɓarayi ne, shi ne mafi sauƙin saye ranar zaɓe da taliya da sabulu, don yana ganin nasa rabon ya karɓa. Wasu kuma, da suka ga sojoji sun karɓi mulki a Nijar a 2023, sai suka fara maimaita kalmomin kakanninsu na 1983 ba tare da sun san an taɓa faɗin su ba.

Tun 2023 gwamnan Jigawa ɗan masarautar Haɗejiya ne, Umar Namadi na Kafin Hausa, kuma tsohon ƙorafin 1991 ya sami ɗan sassauci. An sayo injunan yashe kogi, ana ganinsu suna aiki. Haɗarin shi ne mu sake cewa namu ne, a bar shi, kamar yadda aka ce a 1984. Ambaliyar 2018 da 2020 da 2022 ta nuna cewa kogin da aka toshe wa hanya ba ya tambayar jam'iyyar mai gona. Akwai hukumar raya kogunan Haɗejiya da Jama'are da ke Kano tun 1976, ita ke riƙe da makullin Tiga da Challawa. Akwai asusun da jihohi shida na wannan kwari suka kafa tare da gwamnatin tarayya a 2006 don gyaran kogin. Haƙƙin manomin Auyo da masuncin Guri ne a sanar da su ta rediyo, da Hausa, ranar da za a saki ruwa da yawan da za a saka, kafin su zuba iri. Haƙƙinsu ne a faɗa musu kilomita nawa aka yashe a bana, nawa aka kashe, wa aka ba aikin, kuma a bar wakilan ƙauyukan da ke bakin ruwa su je su auna da idonsu kafin a biya ɗan kwangila.